Kuskure Na Bakwai a Labarin Kawu Buba

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tashar Rano sai a fara: Malam Habibu, yaya jami'ar? An ba ka digirin? Wasu ma har sun fara kirana Farfesa, alhali sun san aji huɗu nake koyarwa a firamare a Kibiya. Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma na lura kowa yana ɗaukar guntun da ya yi masa daɗi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ban so a sani ba.

Ga wanda bai san ni ba, mahaifina malami ne a Kahu, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga rugar da ke bayan Nariya. Yayanta, Kawu Buba, shi ne na ƙarshe a gidansu da ya riƙe sanda ya bi shanu. Yanzu ba saniya ko ɗaya, idanunsa ma sun tafi, yana zaune a zauren ɗansa a Nariya yana sauraron kukan injin niƙa. Shekara uku ina zuwa wurinsa duk Asabar da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana faɗa ina rubutawa, in koma gida in gyara ya zama labari. Littafi huɗu na cika. Abu ɗaya ya roƙe ni tun ranar farko, ya ce in rubuta abin yadda yake, don jikokinsa sun fara ɗauka shanun nan tatsuniya ce.

Akwai wani yanki da na taɓa aikawa gidan rediyo aka karanta. Bayan kamar wata biyu, ina tsakiyar aji, sai ga kira da lambar ƙasar waje. Mace ce, ta ce sunanta Dakta Rabi, tana koyar da adabi a wata jami'a a Nijar. Ba zan faɗi sunan jami'ar ko garin ba, don kunyar irin zaton da na yi musu. Ta ce a da ɗalibansu nazarin littattafan wasu kawai suke yi, amma yanzu an buɗe darasin da ake koya musu su ƙaga nasu labarin, kuma suna gayyato marubutan da ba su taɓa buga komai ba su zauna da ɗalibai mako guda. Ta ce in ɗauki hoton babi ɗaya da waya in tura mata kafin in zo.

Na ce to, Allah ya kai mu, amma ina ajiye wayar raina ya ƙi kwanciya. Ni abin da na sani, mutanen jami'a ba sa waiwayar marubuci sai ya yi suna ko ya mutu. Sai su ɗauko littafinsa su feɗe, wani ya samu digiri, wani ya samu ƙarin girma, shi kuwa ko ƙofar sashen ba a bar shi ya shiga ba. To yau me ya faru har ake neman malamin firamare daga Kibiya? Na ce a raina littattafan da suke feɗewa ne suka ƙare, suke neman ɗanye. Kuma duk mun sha jin labarin wanda ya ba da rubutunsa a duba masa, bayan shekara ya gan shi a kasuwa da sunan wani.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi Kahu wurin yayana, Alaramma Sani, wanda ya gaji makarantar mahaifinmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na manta yadda Malam, mahaifin namu, yake yi idan wani ya zo neman laƙani alhali bai yarda da shi ba. Malam ba ya hana mutum. Zai rubuta masa, amma sai ya sauya abu ɗaya ko biyu, ya riƙe daidai ɗin a kansa. In mutumin na kirki ne, zai dawo a cika masa. In kuwa ya tafi ya ce nasa ne, ranar da aka tsare shi da tambaya zai ji kunya.

"Ka yi musu irin ta Malam," in ji Yaya.

Shawarar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ɗauko babin da Kawu ya tashi da garkensa daga bayan Nariya, shekarar da aka nome burtali, wato hanyar shanu. Na sake kwafe shi da kyakkyawan rubutu, na dasa kurakurai shida a ciki. Na sa saniya ta miƙe daga kwance da ƙafafun gaba. Na sa wani bijimi yana cizon ciyawa da haƙoran sama, alhali shanu ba su da su a gaba. Na sa an tatsi nono maraƙi yana can ɗaure, bai ko taɓa hantsar uwarsa ba. Na juya tafiyar ma, na sa an yi kudu da damina. Sauran biyun ƙanana ne. Na rubuta duka shidan a wata takarda na ba Yaya ya ajiye don ranar shari'a, sannan na tura hoton ina jin kaina mai wayo.

Littattafan gaskiyar kuwa ban yarda in bar su a gida ba saboda gara da ɓarnar yara, ban kuma yarda in sa su a jaka ba. Na naɗe su a leda, na ɗaure su a cikina da ɗankwalin matata Hajara, na zura babbar riga a kai. Hajara ta dube ni ta ce in na haihu a hanya in aiko mata da ranar suna.

Daga Kibiya zuwa Rano ba komai, hanyarmu ce. Daga Rano zuwa Kano ma haka, sai dai gumi ya fara taruwa ƙarƙashin ledar. A Kano na shiga motar da ke bin hanyar Daura, aka matse mu huɗu a baya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa. Ta lura ina ta dafe ciki, ta yanke hukunci cewa gyambon ciki ne, ta ba ni sunan saiwa uku da yadda ake jiƙa su. A ɗaya gefen wani mutum ne mai baƙin gilashi da bai ce uffan ba tun daga tasha. Shi na fi sa wa ido, don wanda ya yi awa uku bai yi magana ba akwai abin da yake ƙullawa. Daga baya na gane barci yake yi a bayan gilashin.

Mun tsaya sallar azahar a hanya. A nan na gano ba a yin ruku'u da littafi huɗu a ciki. Ina sunkuyawa gefensu ya soke ni a haƙarƙari, na yi wani nishi da ya sa na kusa da ni ya yi mini sannu bayan sallama. Hajiya da ta ji ta ce ai ta faɗa.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauka. Jami'an ɓangarenmu suka duba takardu suka sallame mu. A ɓangaren can wani dogon jami'i ya dube ni, ya dubi cikina, ya ce in matso. Ya ɗan bubbuga wurin da bayan hannu, ya ji ƙarar leda, fuskarsa ta sauya. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi. Dole na ɗaga riga a gaban jama'a, ga ɗankwalin Hajara ja mai furanni a fili. Ya kwance ledar da kansa a hankali, ya ga littattafan 'yan makaranta, ya buɗe ɗaya. Ya tambaye ni ko ni mushe ne, haka suke kiran malamin boko, na ce e. Sai ya fara karatu, direba yana ta danna hon. Shafi biyu ya cinye a tsaye, ni kuwa ina kallon leɓensa ko haddacewa yake yi. Da ya miƙo mini sai ya tambaya ko an samo bijimin da ya ɓace a ƙarshen shafin. Na ce masa sai an buga littafin. Ya yi dariya ya ce mu tafi. Har muka isa Hajiya ba ta sake yi mini magana ba, ta ji haushin saiwoyinta.

A masaukin baƙi ɗaki ɗaya aka haɗa mu da wani Malam Isufu, tsohon malamin asibiti mai rubuta waƙoƙi, shi ma baƙo ne irina. Mutumin nan ya baza littattafansa a kan gado ya fita alwala, ƙofa a buɗe. Ya dawo ya karanta mini waƙa biyu ban roƙa ba, ya ce ni ma in karanta masa nawa. Nan take na gane an haɗa mu ne don ya bugi cikina. Na ce masa maƙogwarona na ciwo. Ko wanka da littattafan nake shiga, in rataye ledar a ƙusa.

Abincinsu ba laifi. Da safe burodi ne dogo kamar sanda, mai ɓawo, ranar farko sai da ya kankare mini dasashi. Shayi kuwa ba irin namu ba ne da ake cika kofi a zuba madara mutum ya sha ya tafi aikinsa. Nasu ɗan mitsitsin kofi ne mai ɗaci, zagaye uku, kuma in ka tashi bayan na farko an ga rashin kirkinka. Ni na ɗauka dabara ce ta zaunar da baƙo har ya yi suɓutar baki. Da rana dambu da zogale, wanda gaskiya ya fi na Rano, ko da yake ban faɗa musu ba. In rana ta take kuwa gari yakan mutu, kowa ya rufe ƙofa sai la'asar.

Ajin ne ya fi ba ni mamaki. Ba teburin malami a gaba. Kujeru ne aka jera da'ira, ɗalibai kamar ashirin, Dakta Rabi tana zaune a cikinsu kamar ita ma karatun ta zo. Mace ce gajera, ba ta ɗaga murya. Ta bayyana mana ƙa'idar wurin: a raba wa kowa rubutun mutum, a karanta, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani, mai rubutun kuwa ba zai ce komai ba sai an gama. Dalilinta shi ne in littafi ya fita kasuwa, marubuci ba ya bin sa gida-gida yana bayani. A makarantar mahaifina ɗalibi ne yake kai allonsa gaban malam a gyara masa. A nan sai na ga an ajiye allon dattijo a tsakiya, sa'o'in 'ya'yansa suna dubawa. Ranar Litinin suka yi wa waƙar Malam Isufu kaca-kaca, wata ma ta ce baiti uku na ƙarshe wa'azi ne ba waƙa ba. Mutumin nan yana ta murmushi yana rubutawa, da aka gama har godiya ya yi. Na ƙara tabbata bakinsu ɗaya.

Mutum ɗaya ne ya kwanta mini a rai, wani tsohon farfesa da yake zama a bayan da'irar, hannuwa a harɗe. Wurin shayi ya gaya mini shi bai yarda da darasin ba tun farko. Ya ce aikin jami'a nazari ne, ƙaga labari kuwa baiwa ce, ba a koyar da ita, kuma ta yaya ma za a ba wa ƙarya maki? Ya ce an dai ba Dakta Rabi dama ta gwada, kuma za ta buga ɗan littafi na abin da aka rubuta a ajin, a gani ko akwai abin kirki. Na so shi saboda shi kaɗai ne ba ya neman komai a wurina.

Ranar Laraba aka zo kaina. Ina shiga na ga babin nawa a hannun mutum ashirin, an buga hotonsa a takarda, rubutun hannuna sak. Kafin a fara, Dakta Rabi ta yi sanarwa cikin fara'a cewa babin yana cikin waɗanda aka zaɓa a sa a littafin, kuma mako mai zuwa za a kai maɗaba'a. Aka yi tafi. Duk shirina don ɓarawo na yi shi. Ban taɓa tunanin za a buga abin da sunana ba, da sunan Kawu Buba a layin farko, da bijimi mai haƙoran sama.

'Yan birnin suka fara yabo. Wani ya ce yana jin ƙamshin ruga a ciki. Wata ta ce wurin tatsar nonon ya tuna mata kakarta. Rabin zuciyata tana cewa ka gani, ba abin da suka sani, ɗaya rabin kuwa tana tuna mini roƙon da tsohon nan ya yi.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Aisa sunanta, siririya, tun Litinin ban ji muryarta ba. Daga baya na ji a ruga ta tashi, can arewa, sai da ta yi wayo aka sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ta ce ita ba yabo za ta yi ba. Ta buɗe shafin farko ta ce saniya da ƙafar baya take fara tashi, doki ne yake tashi da ta gaba. Ta wuce kan haƙora. Ta ce saniyarsu ba ta sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa. Ta ce ba mai hankalin da zai yi kudu da damina ya kai shanu bakin ƙudan tsando. Ta gano ƙananan biyun ma, watannin cikin saniya da gefen da na sa garke. Ina lissafawa da yatsu a ƙarƙashin riga, har ina jin wani daɗi-daɗi kamar wanda tarkonsa ya kama. Shida suka cika, amma ba ta rufe takardar ba.

"Na bakwai," ta ce, "an rubuta wai kullum da yamma Buba yakan tsaya bakin garke yana ƙirga shanunsa, arba'in da bakwai. Makiyayi ba ya ƙirga shanu. Wanda ya rubuta wannan bai zauna a ruga ba. Ni a ganina labarin wani ya ji ya ɗauka."

Na buɗe baki, Dakta Rabi ta ɗaga mini hannu, ƙa'ida ce. Haka na zauna kusan rubu'in awa ana tattauna ko ya halatta mutum ya ɗauki labarin mutanen da bai sani ba. Wanda ya ji ƙamshin ruga ɗazu ya ce shi ma dama ya ɗan yi shakka. Malam Isufu ya sunkuyar da kai yana taya ni jin kunya. Na baro Kibiya, na ƙetare iyaka da ciki a ɗaure don gudun ɓarayi, ga shi mutum ashirin suna yi mini kallon ɓarawo. Ban taɓa jin zafi irin na wannan zaman ba.

Can aka ba ni dama. Na miƙe, na ɗaga riga karo na biyu a ƙasar mutane, na kwance ɗankwalin Hajara, na ajiye littafi huɗu a kan kujera. Sannan na faɗi komai, tun daga laƙanin mahaifina har takardar da ke hannun Yaya. Farfesa ya yi dariya har da tari. Dakta Rabi ba ta yi ba.

"Malam Habibu, wato ɓarayi ka ɗauke mu?"

"E, Dakta. Haka na ɗauka."

"To da Aisa ba ta zo yau ba fa? Da an buga. Mu ba abin da zai same mu. Kawunka ne zai zama mutumin da bai san saniya ba."

Na ɗauki ɗankwalin Hajara na ninke shi.

Ta ce in karanta na gaskiyar. Na karanta. Da na gama ba wanda ya yi tafi, kuma na fi son hakan. Aisa ta ba ni haƙuri kan kalmar da ta faɗa, ta ce shida sun gyaru, amma na bakwai yana nan. Na ce mata wannan ba dasa shi na yi ba, da idona na gani. Ina ƙarami in an kai ni hutu ruga, kullum da yamma Kawu yakan tsaya bakin garke, ya dogara da sanda, leɓensa na motsi har shanu su gama shiga. Ta tambaye ni ko shi ya faɗa mini adadin. Na yi tunani. Bai taɓa faɗa ba. Ni na ƙirga su da kaina wata rana, lokacin ina aji uku ina ɗokin lissafi.

"Ka koma ka tambaye shi," ta ce.

Dakta Rabi ta ce za ta riƙe babin nawa, ba za a kai shi maɗaba'a ba sai na kira ta da amsa.

Aisa ta roƙi in ba ta littattafan huɗu ta karanta. Na ba ta, kuma kada wani ya ce da sauƙi na ba ta. Kwana biyu ina shafa cikina ina jin wayam, har sau biyu na tambayi Malam Isufu ko ya san unguwarsu. Ranar Juma'a ta dawo da su cif, ta yi musu sabon bango da takardar siminti, da 'yan alamomi na fensir a gefe inda take da tambaya. Ranar ce na karanta wa Malam Isufu babi biyu. Ya yi hawaye a wurin da aka sayar da saniyar farko, sannan ya ce jimlolina sun cika tsawo. Farfesa kuwa da muka zo sallama ya ce har yanzu bai yarda ana koyar da rubutu ba, amma ya ga ana kama ƙarya a ajin, kuma wannan ma wani abu ne.

Da zan dawo a jaka na sa littattafan. A iyaka na tarar da dogon jami'in nan. Ya gane ni, ya dubi cikina ya ce ashe an sauka lahiya. Na gaya masa an samo bijimin, can wajen Yalwa, bayan kwana tara.

Asabar ɗin farko bayan dawowata, da la'asar sakaliya, na tafi Nariya. Kawu yana zaure a kan buzunsa, ya jingina da bango, leɓensa na motsi kamar kullum. Na jira ya gama, muka gaisa. Na fara da shidan, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Da na zo kan haƙoran sama ya yi dariya har ya share ido, ya ce da ya ga wannan bijimin a garkensa da tuni ya rabu da shi. Amma da na ce saura kaɗan a buga da sunansa, sai dariyar ta ɗauke, ya juya fuska wajen ƙofa. Juyawar nan ta fi mini maganar Dakta zafi.

Sannan na tambaye shi abin da yake yi a bakin garke da yamma, ko ƙirga shanu yake yi.

"Ƙirga?" ya ce. "Habibu, kai kana ƙirga 'ya'yanka in sun shigo gida? Sunansu nake kira. Kowace da sunanta, da na uwarta. In na kira ban ga mai shi ba, na san wadda babu."

Na fara laluben biro, na tambaye shi ko zai iya tuna wasu. Ya ce ai ba abin tunawa ba ne, yanzu ma da na shigo su yake kira, don lokacin dawowarsu ne. Shekara uku ina zuwa zauren nan ina tarar da leɓensa na motsi, ina jira ya gama, a zatona tasbihi yake yi. Ban taɓa tambaya ba. Na tafi har wata ƙasa ina zargin mutane za su ɓata wa Kawu labari, ashe abin da ya fi komai girma a cikinsa a gabana yake faɗin sa duk Asabar, ban rubuta ba. Kunya ta kama ni, na gode Allah da bai ga fuskata ba.

Na buɗe bayan littafi na huɗu na ce ya fara daga farko, a hankali. Ya gyara zama. Ya kira Ɓaleye 'yar Woɗeye, ya kira Ole, ya kira Saige da 'ya'yanta. Bayan wani sunan yakan ɗan dakata, kamar yana jira ta wuce. Injin niƙa yana ta kuka a waje, ina matsowa kusa don kada wani ya kuɓuce mini. Sai da aka kira magariba muka tsaya.

Washegari na kira Dakta Rabi na ce ta gaya wa Aisa ita ce da gaskiya, kuma babin zai ƙara tsawo. Ta tambaye ni suna nawa ne, don ta san wurin da za ta ware musu. Na ce mata sun cika shafi uku na littafina. Ban ƙirga su ba.